Tagogin da Aka Toshe a Masallacin Tasha

Ku da kuke tsayawa bakin shagona kuna cewa, "Baba Sa'idu, koya mana ɗura gas," ku samu benci ku zauna, in gaya maku abin da ke ci mani tuwo a ƙwarya. Kun ɗauka sana'ar esi, na'urar sanyaya ɗaki, ita ce ka sayi geji da tukunyar gas, ka kalli bidiyo a waya, ka ɗaure tsani a bayan babur, shi ke nan ka zama injiniya. Ganin kitse kuke wa rogo. Duk ɗakin da kuka shiga da kayan aiki, numfashin mutane aka damƙa maku, kuma na san wanda irin wannan rainin naku ya kai kabari. Abokina ne, direba, sunansa Isufu. Idan na gama labarinsa wanda ke son koyo ya tsaya, wanda ke son ɗura gas kawai ga hanya nan.

Aikin farko da maigidana Malam Ɗahiru ya kai ni a Katsina, ofishin wani ɗan kwangila ne da esinsa ya daina sanyi. Ni ina rawar jiki in buɗe akwatin kayan aiki, shi ko ya tsaya tsakiyar ɗakin ya goya hannu a baya yana kallon bango kamar mai neman ƙadangare. Ya ce, "Sa'idu, ta ina iska ke shiga ɗakin nan?" Na nuna masa esi. Ya talle mani ƙeya har sai da hulata ta faɗi. Ya ce esin da ke manne a bango ba ya kawo iska ko ta cikin cokali daga waje. Iskar ɗakin yake zuƙa, ya sanyaya ta, ya maido maka abarka. Wadda ka fitar daga hancinka ita za ka sake shaƙa, sai dai ta dawo da sanyi. In ba a bar wa sabuwa hanyar shiga ba, tsohuwa kuma ba a yi mata hanyar fita ba, to tulu ka rufe mutane a ciki. Na daɗe a hannunsa ina wanke raga da goge fanka kafin ya bar ni in taɓa bututun jan ƙarfe, kuma duk ɗakin da muka shiga sai ya maimaita tambayar nan.

Daga baya ne ya koya mani sauran. Yadda ake lanƙwasa bututu ba tare da ya karye ba. Yadda ake zuƙe iska da danshi daga layi da famfo kafin a saki gas, abin da ku ba ku yi, don kun ce ɓata lokaci ne, sai kwampreso ya ƙone ku ce wuta ce ta yi yawa. Yadda ake bin yoyo da ruwan sabulu, gaɓa bayan gaɓa, har kumfa ya tashi. Ku kuwa yoyo na nan kuna ɗura gas a kansa, mai gida ya sake kiranku bayan sati biyu, ku sake ɗurawa. Wannan ba sana'a ba ce, cuta ce, kuma Allah na gani.

Da na dawo gida Jibiya na buɗe shago kusa da tashar manyan motoci, boda na ci kamar kasuwa. Esi na hannu na shigowa ta Maraɗi a jibge, wani da tsatsar teku a jikinsa, wani kamar ba a taɓa kunna shi ba. Masu sayar da ƙanƙara, masu shagon magani, masu masauki, kowa na nemana. A nan na san Isufu. Mutumin Maraɗi ne, dogo, mai dariya da ƙarfi, yana jan babbar motar da su ke kira kamyo. In ya sauka sai ya zo shagona ya hura gawayi ya ɗora ƙaramar butar shayinsa, ya ce, "Malam Sa'idu, bar kilim ɗin nan haka nan, zo ka sha na hwari." Su a can esi kilim suke ce masa, janareta kuma gurub. Shayinsa ɗaci kamar maɗaci, amma na saba da shi har in bai zo ba sai in ji ranar ba ta cika ba.

Masu kuɗin garin nan kuwa, Allah ya shirya. Akwai wanda na sa wa esi a ɗakin amarya, na bar 'yar kafa a sama na sa raga, na koma bayan kwana biyu na tarar an cusa tsumma a ciki. Wani ya sa an liƙe ƙasan ƙofa da roba. Magana ɗaya ce a bakinsu duka, wai kada sanyi ya gudu, sai ka ce akuya. Kakanninmu da ba su taɓa ganin lantarki ba sun san su bar ƙananan tagogi a saman soro don zafi ya fita. Jikokinsu sun yi kuɗi sun toshe.

Sai ga shekarar da aka rufe boda. Wanda bai zauna Jibiya a lokacin ba ba zai gane ba. Tashar da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda ƙarar injuna ta yi tsit, kaji na kiwo a ƙarƙashin tireloli. Aiki ya ɗauke mani ƙaf, na koma gyaran fanka da dutsen guga. Direbobi da yawa rufewar ta rutsa da su a wannan ɓangaren da kaya a mota, ba su iya wucewa, ba su iya barin kayan mutane su tafi gida. Isufu na cikinsu. Wata ya bi wata yana kwana a gindin motarsa, ga gida can da tafiyar da ba ta kai ta kawo ba, ga mata da 'ya'ya, amma amanar kaya ta ɗaure shi. A haka azumi ya shigo, a tsakiyar bazara, irin zafin da kwalta ke narkewa ta kama takalmi.

A tashar akwai masallaci, ginin bulo mai rufin kwano, da manyan tagogi ta gabas da yamma. Wani attajiri mai motoci, Alhaji Bature, shi ya gina shi, shi ne kuma shugaban kwamitinsa. Da ya ga wahalar da direbobi ke sha sai ya yi niyyar alheri, ba zan hana shi wannan ba. Ya sayo esi manya guda uku ya aiko a kira ni. Na je na duba, na ce aikin zai yi kyau, amma za mu sa gilas a tagogin yadda za a iya buɗewa, mu bar kafofi a sama, mu sa fanka mai zuƙe iska ta baya, don wurin da mutum hamsin za su kwanta ba ɗakin mutum ɗaya ba ne. Sannan na tambaya ina za a ajiye janareta, tunda wutar gwamnati sai a yi kwanaki ba a gan ta ba.

Ya nuna mani ɗan ɗakin da ake ajiye tabarmi da butoci. Ɗakin manne yake da masallacin, ƙofarsa ta ciki tana buɗewa kan sahun baya.

Na ce, "Alhaji, nan ba ya yiwuwa. Hayaƙin inji ba ya zama ɗaki ɗaya da mutane."

Ya ce, "Wancan da munka aje waje ɓarayi sunka ɗauke shi da sarƙar da komi. Nan za ya zauna. A huda bango a hidda bututun hayaƙin waje, shi ke nan. Tagogin ga kuwa bulo za a sa, gilas ba ya riƙe sanyi."

Na ce masa bututu na tsagewa, gaɓa na kwancewa da girgizar inji, kuma mugun abin da ke cikin hayaƙin ba shi da wari ba shi da launi, sai dai mutum ya ji barci. Na ce a yi wa injin keji na ƙarfe a waje, ni zan yi waldar da hannuna. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam Sa'idu, tsuhwa ta kama ka. In ba ka iyawa ka ce ba ka iyawa."

Na ce ba na iyawa. A shekarar da cefane ke gagarata na ɗauki jakata na fito.

Kwana biyu aka samo wani matashi sa'arku, da sabon geji a wuya kamar carbi. Bai tambayi ta ina iska ke shiga ba. Alhaji ya ce toshe, ya kira magini aka toshe. Alhaji ya ce sa inji a ɗakin tabarmi, ya sa, ya ɗaura wani guntun bututun ruwa da waya a bakin salansar injin, inda hayaƙi ke fita, ya zura ta ramin bango. Ya karɓi yabo ya hau babur. Kuma sanyi ya yi sanyi, wannan gaskiya ce. Ka fito daga rana ka shiga masallacin nan sai ka ji kamar an zuba maka ruwan randa. Labari ya bazu, bayan azahar wuri ya cika da direbobi da 'yan dako, kowa ya miƙe a kan kafet, a rufe ƙofa ruf, sai la'asar.

Na je wurin limamin tasha, dattijo mai sauƙin kai. Ya saurare ni har ƙarshe ya ce ya ji, amma mai abu da abinsa, shi ba ya iya gaya wa wanda ya gina masallaci yadda zai yi da bangonsa. Na koma wurin Alhaji karo na biyu, a gaban mutanensa. Ya yi dariya ya ce, "Ku ji mani hassada. Don ba a ba shi aikin ba." Suka taya shi dariya. Daga ranar duk wanda na tsayar na yi wa magana sai ya ce, "To, Malam Sa'idu, mun ji," yana murmushin da ake wa wanda aka ƙwace wa ciniki.

Na iske Isufu a gindin motarsa wata safiya yana ɗaure da rawani a goshi. Na ce lafiya? Ya ce ciwon kai ne, kullum in ya tashi daga barcin rana sai ya ji kan kamar an sara, ga jiri, ga tashin zuciya.

Na ce, "Isufu, injin nan ne. Don Allah ka daina kwana a ciki."

Ya ce, "Wane gurub? Azumi ne, Malam. Mutumin da ya saba da shayi tun sahe, ka hana mashi har magariba, ai dole kai ya sara. Kowa haka yake ji, tambayi kowa."

Wannan ita ce masifar. Kowa haka yake ji, kuma kowa na da amsa a hannu. Mai shan shayi ya ce rashin shayi ne, mai cin goro ya ce goro ne, wani ya ce bai yi sahur da kyau ba. A watan azumi ciwon kai da kasala da nauyin barci ba abin tambaya ba ne, har ma mutum ya ji kunyar yin ƙorafi kada a ce ba shi da juriya. Da a wani watan ne da tuni wani ya ce wurin nan akwai abin da ke damun mutane. Na ce masa ya zo shagona ya riƙa kwanciya, akwai inuwar darbejiya da fanka mai caji. Ya yi dariyarsa ya ce, "Shagonka da ke kamar tanda? Kai dai ka kwanta ƙarƙashin kamyo da rana tsaka sau guda, sannan ka zo ka yi mani wa'azi." Ya dafa kafaɗata ya ce in an sha ruwa zai kawo shayi.

Ranar da abin ya faru ina gyaran injin wani mai ƙanƙara a bakin tasha. Aka kira la'asar na yi alwala na nufi masallacin, don ko ina fushi da ginin ban daina sallah a cikinsa ba, sai dai nakan tsaya kusa da ƙofa. Tun daga nesa na ga wani ya fito yana tangaɗi ya durƙusa yana amai. Wani ya biyo shi ya zube a kan takalma. Na ruga na banke ƙofar. Mutane na zaune suna riƙe da kai, wasu na ƙoƙarin tashi ƙafa ta ƙi. Na yi ihu a fita, a fita, na buɗe ƙofofin masallacin biyu, na nufi ɗakin tabarmi. A kulle yake da kwaɗo, makulli na wurin yaron Alhaji da ya tafi kasuwa. Da bakin gatarin wani mai itace muka ɓalle shi. Bututun nan da aka ɗaure da waya ya zame yana lilo, salansa na huci kai tsaye cikin ɗakin, hayaƙin na bi ta ƙasan ƙofa, esi uku na ɗauka suna rarraba wa bayin Allah da sanyinsa.

Isufu na kwance a sahun baya, dab da wannan ƙofar, don nan ne sanyi ya fi sauka. Wani ɗan dako ya gaya mani daga baya cewa tun da jimawa ya ji numfashinsa ya canza, yana wani irin minshari, har ya miƙa hannu zai taɓa shi, na kusa da shi ya ce, "Bar shi ya huta, mai azumi ne, kada ka ɗauki alhakinshi." Sai ya janye hannunsa. Tausayi ne ya hana a tashe shi. Muka ɗauko shi muka sa a mota zuwa asibiti. Sauran duk sun farfaɗo, wasu a ranar, wasu washegari. Isufu bai farfaɗo ba. Aka yi masa sutura a nan Jibiya.

Kuna tsammani washegari aka fasa tagogin? Alhaji ya zo ya yi ta'aziyya, ya yi sadaka, ya ce kwana ne ya ƙare, kuma wa ya isa ya ja da wannan. Ya sa aka kira mai walda ya liƙe bututun da kyau, aka mayar da kwaɗo, aka tayar da inji. Matashin da ya yi aikin ya kashe wayarsa, ba a sake ganinsa a tasha ba. Ni na yarda kwana na ƙarewa, ni ma nawa zai ƙare. Amma wanda ya haƙa rijiya a tsakiyar hanya ya rufe ta da tabarma ba ya cewa kwanan wanda ya faɗa ne ya ƙare. Na faɗi haka a bakin masallaci da ƙarfi, aka ce in yi haƙuri, watan azumi ne, ba a tada husuma. Mutane suka ci gaba da shiga suna kwanciya, don zafin bai ragu ba.

Ranar addu'ar uku wan Isufu ya iso. Sunansa Mahamadu, manomi ne, ya biyo hanyar daji a kan babur tunda boda a rufe take. Dattijo ne mai furfura, siriri, ba shi da dariyar ƙanensa. Aka zauna a inuwar masallacin aka yi addu'a. Mutane suka yi ta gaya masa irin dacen da ɗan'uwansa ya yi, ya cika a ɗakin Allah, da azumi a bakinsa, a cikin barci. Yana ta cewa alhamdulillahi. Da aka shafa ya tambaya wane ne Malam Sa'idu, aka nuna ni. Ya zo ya kama hannuna da hannu biyu.

Ya ce, "Isuhu na yi mani labarinka a waya. An ce kai ka ɗauko shi. Ya yi magana? Ya bar wani saƙo?"

Na ce bai yi magana ba.

Ya ce, "To mi ya same shi? Lahiya lau munka yi waya da sahe. An ce mani barci ne kawai."

Alhaji na zaune a kan kujera yana kallona. Liman ya sunkuyar da kai. Na ce, "Yaya Mahamadu, zo in nuna maka." Na kai shi ciki. Na nuna masa inda ƙanensa ya kwanta, na nuna ƙofar ɗakin tabarmi da injin ke ruri a bayanta a daidai wannan lokacin, na nuna masa shacin tagogin da aka cike da bulo, simintin ko fenti ba a yi masa ba. Na gaya masa yadda hayaƙin ya bi, da yadda ya rasa hanyar fita. Ban ƙara ba ban rage ba.

Ya daɗe yana kallon bangon. Sannan ya ce, "Da waɗanga na buɗe, da ya tashi?"

Na ce, "Rai na hannun Allah. Amma da suna buɗe, da hayaƙin ya samu hanya."

Ya juya ya fita. Na ɗauka tafiya zai yi. Sai ga shi ya dawo daga wurin masu facin taya da babbar gudumar da suke kwance ƙafar tirela. Alhaji ya miƙe ya ce, "Malam, lahiya? Masallaci ne hwa." Ko kallonsa bai yi ba. Wa zai riƙe hannun mutumin da ya zo daga kabarin ƙanensa? Ya tuɓe babbar rigarsa ya ninke, ya yi bisimilla, ya ɗaga gudumar. Bugu kaɗan bulon farko ya faɗa waje, rana ta shigo ta kwanta a kan kafet. Ya gama da wannan tagar ya koma ta biyu. Dattijo da azumi a bakinsa, gumi na zuba, hannunsa ya fashe yana jini, wani direba ya zo zai karɓe shi ya ture shi. Su direbobin sai suka juya kan ɗakin tabarmi, suka ɓalle kwaɗon, suka kashe injin suka jawo shi waje suka yar a rana.

Da ya fasa ta ƙarshe ya ajiye gudumar ya zauna a kan tarin ɓaraguzan yana haki. Ya ɗauki guntun bulo ɗaya yana juya shi a hannu. Bulon banza ne ma, yashi ya fi siminti yawa, yana murmushewa a yatsunsa. Na tsuguna kusa da shi. Ya ɗago ya dube ni, idonsa ya yi ja.

Ya ce, "Malam Sa'idu, aikin ke nan duka? Ba wani abu da ya rage?"

Na ce, "Ke nan duka."

Ya ce, "Ɗiyanshi huɗu. Ƙaramar ba ta fara tahiya ba." Ya sake duban abin da ke hannunsa. "In na koma sunka tambaye ni mi ya kashe ubansu, wanga zan ce masu?"

Ya sa guntun bulon a aljihu, ya ɗauki rigarsa, ya tambaya wa ke riƙe da makullin motar ƙanensa.